Tsakuwar da Aka Fasa Mini a Alƙahira

Lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ina cikin rukunin farko da suka taho. Maigidana yana wata ma'aikatar daban, su ba a taso su ba tukuna, don haka na tare a gidan da aka ba ni a Kubwa, daga ni sai yara biyu. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta bar jikokinta a garin da ko kasuwar kirki babu ba, ta taho daga Zariya ta zauna da mu. Hajiya nake kiranta, ita kuma 'yar nan take ce mini. Duk shekarun aurena ban taɓa cin abinci a gabanta ba.

A motar ma'aikata ciwon ya fara kama ni, muna hanyar shiga gari da safe. Wani abu ya soke ni a kwiɓin dama ya gangaro mara, na haɗa gumi, na durƙushe tsakanin kujeru. Na san naƙuda, amma wannan ya fi ta. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi saitin taga ya nuna mini wani farin ɗigo.

"Madam, tsakuwa ce a ƙodarki. Ta yi girman da ba za ta fita da kanta ba. Sai an yi tiyata."

Na tambaye shi ko babu wata hanya. Ya ce akwai na'urar da ake ɗora wa mutum a jiki, tana aika bugu mai ƙarfi ya ratsa fata da tsoka ya farfasa tsakuwar, ba yanka ba ɗinki. Su dai ba su da ita, amma ya san ana yi a Masar. Tun a kujerar nan na yanke shawara. Tiyata na nufin dogon kwanciya, ga yara, ga sabon gari, ga ofis da ko kabad ba mu gama jerawa ba.

Na kira maigidana ta wayar ofis. Ya amince, sai dai ba za a sake shi ba, su ma an fara ɗaure musu kaya. Hajiya ce ta ƙi.

"Dutse a cikin mutum, a ce bugu daga waje ne zai fasa shi? 'Yar nan, kada su cuce ki."

Kaina a sunkuye na ce, "Hajiya, na yi bincike, kuma hankalina ya kwanta. Ki sa mini albarka kawai."

Na ɗauka fushi ta yi. Can ta ce, "Tunda kin dage, ƙafata ƙafarki. Ba za a ce surukata ta kwanta a ƙasar Larabawa ba mai miƙa mata ruwa ba."

Muka kai yara gidan yayata a Karu. Wani Alhaji Bakano mai shagon yadi a can, wanda ke zuwa Alƙahira saro kaya, ya kwatanta mana masaukin da 'yan Najeriya ke sauka, kusa da asibitin da ake yin aikin.

Da muka isa Alƙahira, ɗaki ɗaya muka samu, gadaje biyu. Aka kawo mana shinkafa da kaza a faranti guda. Na ja gefe ina jiran ta gama. Ta dube ni ta ce, "Nan ba Zariya ba ce. Wa kike wa kunya, bango? Sa hannu." Na matso na ci, ita kuwa tana ta turo mini tsoka.

Ranar aikin aka kwantar da ni a wani gado mai rami a gefe, aka shafa mini wani abu mai sanyi a kwiɓi, aka manna wani matashi cike da ruwa. Likitan dattijo ne mai furfura, ya yi mini bayani da Turanci, ya ce in na ji zafi ya yi yawa in ɗaga hannu. Aka yi mini allura, na'ura ta fara: tas, tas, tas. Da farko kamar ana ɗalla mini roba a fata, daga baya ya koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙashi daga ciki. Ban ɗaga hannu ba. Na kafa ido a silin ina salati, ina daidaita shi da bugun.

Ashe ƙarar na kaiwa inda Hajiya ke zaune. Da aka turo ni waje na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu, wata nas ta tare hanya. Ba mai jin yaren wata, amma sun daɗe suna musu. Hajiya ta kama hannuna, ta ɗaga rigar asibitin ta duba wurin. Ba komai sai ɗan ja.

"Shi ke nan? Ba jini?"

"Shi ke nan, Hajiya."

Aka ce in yi ta shan ruwa, in yi ta tafiya, aka ba ni 'yar rariya in riƙa tace fitsari. Hajiya ta karɓi aikin gadina. Ita ke cika mini gora, ita ke tasa ni gaba mu bi bakin kogi, ko mu hau matakalar masauki mu sauko, tana haki tana cewa in ƙara sauri. Da ɓurɓushin ya fara fita, kamar yashi, da zafi ƙwarai, ita ta riƙa gasa mini baya da tawul.

Sabon hoto ya nuna wani gutsure ya ƙi fasuwa, sai an maimaita. Na ga fuskar Hajiya ta canza. Na ce mata wanda ya ci tuwo ba zai kasa suɗe kwano ba. Ta yi dariya, karon farko da na taɓa ba ta dariya. A zagaye na biyu har gyangyaɗi na yi a kan gadon.

Likita ya riƙe ɓurɓushin don gwaji, amma Hajiya ta nuna da hannu sai an sam mata. Ya zuba mata kaɗan a ƙaramar kwalba, ta ƙulle a bakin gyale.

Mun sauka Abuja ina tafe da ƙafata, ina jan akwatina da nata. Sati na zagayowa na koma aiki. Bayan 'yan watanni ma'aikatar maigidana ta iso, Hajiya ta ce aikinta ya ƙare, ta koma Zariya da kwalbarta. Duk wanda ya je gaishe ta sai ta fito da ita ta nuna masa. Da muka je hutun sallah na ji tana ba maƙwabta labari, tana cewa tsakuwar ta kai ƙwan kaza kafin a fasa ta. Ina bakin ƙofa da tiren abinci a hannu, ban gyara mata ba.