Roƙon su Kaka Yohanna

A gidanmu na Sentul, can ƙasar 'yan Malay, babu murhu. Wutar da muka sani ita ce ta gas, kuma a gabanta Kaka Lami ke zama da yamma, tana tuƙa tuwo, ruwan sama na dukan taga. Ta zo ne daga Kafanchan don renonmu lokacin da Baba ke karatu, ta tarar da jikoki masu amsa ta da "boleh lah", wato "to" da yaren Malay. Abin na ƙona mata rai.

Ba ta cika yi mana tatsuniyar Gizo ba. Labarin mijinta take so, marigayi Kaka Yohanna, ma'aikacin jirgin ƙasa da ya jona jita da lasifikar rediyo, ya kawo kiɗan rokanrol garinsu. Mutanen gari da suka ji sunan sai suka ce ai roƙo ne, Yohanna ya zama maroƙi.

"Bai yi fushi ba," in ji Kaka. "Cewa ya yi, to, maroƙi ai wasa wasu yake yi. Bari in wasa nawa."

Daga ranar ba ya taɓa wayar jitarsa sai ya yi wa abokan kiɗansa kirari: Bitrus mai ganga, hana gwauro barci! Sule mai begila, kumatu kamar ƙosai! Dogo mai jita babba, ɗan Tiv da ba ya jin kirarinsa sai dai ya washe baki.

Duk sun rasu, ba su bar faifai ko ɗaya ba. Shi ya sa Kaka ba ta fara labari sai ta buga murfin tukunya mun kira sunayen nan da Hausa.

"Idan kuka manta su, sun mutu ke nan da gaske," take cewa.

A lokacin tuwon kawai muke jira.

Yanzu ta koma Kafanchan, tsufa ya ci ƙarfinta, wani lokaci ko ni ba ta ganewa. Kwanaki na kira ta a bidiyo, na miƙa wa 'yata murfin tukunya. Yarinyar ta buga, ta kira Bitrus, ta kira Sule, da Hausarta mai ƙamshin Malay, sai ta tsaya. Raina ya yi fari, na ce wannan ma ya isa.

Kaka ta ɗago kai ta harare mu.

"Ina kuka bar Dogo?"