Ɗan Mahaucin da Ba Ya Iya Kallon Jini

A ƙarshen aji uku na sakandare aka raba mana wata takarda. Shugaban makarantarmu a Enugu ne ya shigo da ita da kansa, ya ce kowa ya zaɓi darussan da zai riƙe har jarrabawar fita, iyaye su sa hannu, a dawo da ita ranar Litinin ta sama. Mu da aka ware wa kimiyya, abu biyu aka ajiye a gabanmu: ko ilimin halittu, ko babban lissafi, wanda ake cewa rabinsa karatun manyan kwaleji ne aka sauko mana da shi. Lokacin darasin nasu ɗaya ne, don haka ba a haɗa su.

'Yan ajinmu suka kaure da surutu, wannan yana tambayar wancan. Ni kuwa na ninke tawa na cusa a aljihu.

A unguwarmu ta Hausawa, kusa da kasuwar Ogbete, an daɗe da yi mini zaɓi. Babana mahauci ne, haka ma kakana, kuma ni ne ɗan mahauta na farko da ya taka sakandare. Kowace safiya malamin dabbobi yakan zo kwata ya duba nama kafin a fita da shi. Wanda ya yarda da shi ya buga masa tambari, wanda bai yarda da shi ba ya sa a binne, wani lokaci huhu ko hanta, wani lokaci saniya sukutum. Yakan yi bayani da Turanci, mahauta su yi tsaye suna kallonsa. Ba su ce yana zaluntarsu ba. So suke a samu nasu, wanda zai gaya musu dalili da Hausa. A lokacin ana ta maganar Turawa za su tafi, 'yan ƙasa su hau kujerunsu, sai Sarkin Fawa ya ce ai ga kujerarmu nan, ga kuma yaron da zai hau ta. Tun ina aji ɗaya unguwa ke kirana Likita. Har farar riga Sarkin Fawa ya sa tela ya ɗinka mini, doguwa mai aljihu uku, aka ba Inna ta ajiye a akwati.

Abin da ba su sani ba shi ne, ba na iya kallon jini. Dafaffen nama ina ci kamar kowa. Amma in na ga jini yana gudana, sai kunnuwana su toshe, bakina ya cika da yawu, ƙasa ta fara juyawa. Inna ce kaɗai ta sani, ita ke rufa mini asiri. Ranar layya kullum sai ta ƙirƙiro aike mai nisa. In Baba ya ce in biyo shi kwata ran Asabar, sai ta ce malamai sun ba ni aiki mai yawa.

Ranar Laraba malamin halittu ya tara mu a ɗakin gwaji, wai zai nuna mana daɗin darasinsa kafin mu yanke shawara. Mutumin kirki ne, mai fara'a. Ya fito da kwaɗo da aka sa wa maganin barci, ya kwantar da shi rigingine a kan katako, ya kafe ƙafafunsa da allurai. Da ya tsaga cikin, ya ce mu matso mu ga zuciya tana bugawa. Na gan ta, 'yar ƙarama, tana motsi. Ban san yadda na kai ƙofa ba. A bayan ɗakin na durƙusa na amayar da duk abin da na ci.

Ina ɗagowa na ga takalma a gabana. Malamin lissafi ne, gajeren mutum wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Duk makarantar tsoronsa ake ji.

“Kai ba ɗan mahauci ba ne?” ya tambaye ni da Turanci.

Na ce ni ne.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Kana da kai a lissafi, na gani. Amma ajina ba maɓoyar masu gudun kwaɗo ba ne. Rabin waɗanda suka shiga bara sun faɗi. Ka yi tunani.”

Na koma gida da tsoro biyu maimakon ɗaya. Na gaya wa Inna a madafa, ƙasa-ƙasa. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ba ta dube ni ba, ta ce, “Wannan kam ya fi ƙarfina. Sai dai ka gaya wa Babanka da bakinka.” Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, ban iya ba. Sau biyu ina zama kusa da tabarmarsa da takardar a aljihu, ya tambaye ni ko da magana, in ce babu.

Asabar da safe Baba ya buga mini ƙofa bayan an sauko daga masallaci. Ya ce Sarkin Fawa ya ji labarin takardar, yana so a gabatar da ni ga malamin dabbobi, in sa farar rigar nan in biyo shi. Inna ta fara cewa, “Malam, ai yau yana da…” Ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru.

Tun daga nesa na jiyo ƙarni. Daren jiya jirgin ƙasa ya sauke shanu daga Arewa, kwata ta cika maƙil. Ana ta yi mini kirari, “Likita! Likita ya iso!” Na kafa idona a bayan rigar Baba, ina bin sawunsa, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da farko na yi zaton zan tsira. Na gaida Sarkin Fawa, na miƙa wa malamin dabbobi hannu, har ya tambaye ni ajina na ba shi amsa. Sai aka kayar da wani bajimi dab da mu. Na ji ƙarar faɗuwarsa, na ji bisimilla, na waiwaya ba da niyya ba. Jinin ya taho ta magudanar siminti, ja wur, yana tururi, ya zo ya taɓa bakin takalmina.

Da na farfaɗo ina kwance a kan buhu a waje, kaina jiƙe da ruwa, rigar ta ɓaci har kafaɗa. Mutane sun kewaye ni. Wani ya ce yunwa ce, bai karya ba. Wani matashi ya ƙyalƙyale da dariya, aka daka masa tsawa. Na duba ban ga Baba a cikinsu ba. Can na hango shi ya koma kan aikinsa, ya sunkuya yana fiɗa, ko waiwaye bai yi ba.

Ban taɓa yin yini mai tsawo irin wannan ba. Na zauna a ɗaki ina sauraron kowane motsi a zaure. Baba ba mai duka ba ne, da ma dukan ne da na fi samun sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ya shigo ya ƙi kallona.

Bayan la'asar ya kira ni. Na durƙusa nesa da tabarmar.

“Matso,” in ji shi. “Kana tsammani ban sani ba? Tun kana ɗan shekara biyar na yanka kaza a gabanka na ga yadda ka yi. Uwarka tana ɓoye ka, ni kuma ina barinta. Na zaci girma zai cire maka. Da girma bai cire ba, na zaci boko zai cire.” Ya murza goshinsa. “Yau na kai ka ne in gani da idona. Na gani.”

Na ce, “Baba, ku yi haƙuri.”

“Ɗauko takardar ka karanta mini.”

Na karanta, ina fassara masa layi layi. Ya tambaye ni wannan lissafin aikin me ake yi da shi. Na ce awon ƙasa, gina gada, shimfiɗa layin dogo.

“Za ka iya?”

Na so in ce e. Amma na tuna fuskar malamin lissafi, sai na ce, “Ban sani ba, Baba. An ce da yawa suna faɗuwa.”

Ya karɓi alƙalamina, ya rubuta sunansa da ajami a inda na nuna masa. Da ya miƙo mini ya ce, “Saura abu ɗaya. Sarki ba daga bakina zai ji ba. Kai za ka je.”

Inna ta wanke rigar ta goge. Washegari na ɗauke ta a ninke na tafi ƙofar gidan Sarkin Fawa, inda dattawa ke zama da hantsi. Sau biyu ina wuce ƙofar kamar mai zuwa wani wuri. A na uku wani dattijo ya kira ni, dole na tuɓe takalma na zube. Na yi gaisuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba zan iya karatun likitan dabbobi ba. Ga riga na dawo da ita.”

Sarki ya dubi rigar, ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, “Mun ji. Allah ya sa haka ya fi alheri. Tashi ka je.” Bai yi faɗa ba, amma ya fi shekara bai sake tsayar da ni a hanya ya tambayi karatuna ba. Samarin kwata kuwa suka samu abin yi, in zan wuce sai wani ya yi kamar zai faɗi, sauran su tare shi.

Ranar Litinin na miƙa takardar. Da aka dawo hutu muka shiga ajin lissafi mu kaɗan, a wani ƙaramin ɗaki kusa da ofishin malamai. A gwajin farko ni ne na biyun ƙarshe. Malamin ya ajiye mini takardata, na fita ina jin cewa na saki abin da aka ba ni, wanda na kama kuma zai kufce. Ban gaya wa kowa a gida ba. Shekara biyu na yi ina fargaba duk safiyar da muke da darasinsa.

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Daga baya na samu shiga makarantar awon ƙasa, aikin da na yi ke nan har na tsufa. Ranar da sakamako ya fito na tarar da malamin lissafin a bakin ofis yana duba jerin sunaye. Ya sa yatsa a kan nawa, ya ce da na ƙara kula da tambaya ta huɗu da na fi haka, ya juya ya shige ciki.