Dusar Burukutu da Akuyar Inna

Shekarar da aka kewaye filin kiwonmu na bayan Sheda da bulo, ciyawa ta ƙare mana. Akuya ɗaya ta rage mini, kuma tun da ciwon ciki ya kama Inna, mahaifiyata, madarar akuyar nan kaɗai ke zama a cikinta. Akuyar ta rame, hantsarta ta tsotse, da ƙyar nake tatsar rabin kofi.

Maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi, mai dafa burukutu, ita ta ce mini, "Oga, kwashi dusa nan ka ba akuya naka, dawa ne kawai." Na kwasa, na wanke, na shanya a kan kwano, na barbaɗa 'yar kanwa. Cikin sati biyu gashin akuya ya kwanta yana sheƙi, kofi ya cika har da saura. Inna ta fara tashi zaune da kanta.

Ranar da iska ta kai mata tsamin dusar, ta kira ni. "Kai, me kake ba dabbar nan?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce, "Inna, na tambayi malam, ya ce babu laifi."

"To malam ya sha. Ni da nake jiran kiran Ubangiji ba zan tafi da ragowar giya a cikina ba."

Na daina. Na koma yawon saran ganyen mangwaro a bakin titi, madara ta koma rabin kofi. Shi nake kai mata kullum da safe. Ta shanye ta yi hamdala, ni kuwa ina kallon wuyan hannunta yana ƙara sirancewa.