Lilo Mai Kan Kura

Shekarar da Goggo, yayar mahaifina, ta baro Runka ta dawo gidanmu a Batsari, wani ɗan kasuwa ya kawo lilon ƙarfe da Babbar Sallah. A bayan kasuwa aka harhaɗa shi: dogo mai hawa da gangara, da ƴan taragu masu gudu a kai. Taragon gaba an yi masa kan kura, an shafa wa haƙoran jan fenti.

Tun da ƴan bindiga suka kore mata shanu Goggo ba ta leƙa waje ba. Na lallashe ta mu je ta ga mutane. Ta ce ita ba ta hawa, amma za ta tsaya ta kalle ni.

Na biya kuɗi na shiga tarago. Wani ya amayar da naman Sallah a kujerar, mai kula da lilon ya share da tsumman da yake goge baƙin mai, ƙudaje na bin hannunsa. Haka na zauna a gefe-gefe, ya danna mini ƙarfen kariya a ciki.

Muka hau a hankali, muka sulalo cikin wata rumfar baƙin tamfol. Nan lasifika ta ɓarke da harbin bindiga, da rurin babura, da ihun mace. Waɗanda ke bayana suka fashe da dariya. Da muka fito fili na hango mata suna gudu da goyo, kaskon mai ƙosai ya kife, Goggo kuwa tana kwance rub da ciki, ta rufe kai da hannuwa. Na roƙi a tsayar, babu wanda ya ji. Duk zagayen da muka yi, harbin ya sake tashi.

Da na sauka na tarar da samari sun kewaye ta, suna ɗaukarta a waya. Zanenta ya jiƙe. Na yafa mata mayafina, na ɗaga ta, sannan na nufi mai lilon. Yana zaune yana sakace.

"Malam, harbin nan fa? Ka san garin da kake?"

"Hajiya, ai shi ne daɗin abin. A birni har ƙari suke nema."

Na koma wajen Goggo. Muka bi ta lungu don kada a gan ta. Mun kusa gida ta tsaya.

"Ƴar nan, waɗanda ke sama, su da ƙafarsu suka je a tsorata su?"

"Eh, Goggo."

"Har da ke."

Ta tofar da yawu a gindin katanga, ta ce in ɗora mata ruwan wanka. Washegari dattawan unguwa suka sa aka cire harbin, mai lilon ya sa kiɗa a madadinsa, aka ci gaba da layi har ƙarshen mako.