Man kaɗen Anti Adiza

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye ina jiran bas a Whalley Range, Samira ta kira ni daga Birmingham. Mahaifiyarta, Anti Adiza, ta rasu bayan sallar asuba.

Ban hau bas ɗin ba. Na koma gida na zauna a kan matakala da jakata a kafaɗa.

Kafin azahar sai ga imel daga sashenmu na jami'a. Layi biyu. Wai suna baƙin cikin rasuwar ɗaya daga cikin ma'aikatan tallafi. Na karanta sau uku, raina na ƙara ɓaci, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Adiza 'yar zangon Kumasi ce, kuma ita ce ke kula da lab ɗinmu a nan Manchester tun kafin wasu daga cikin daktocin da ke taƙama a ciki su gama sakandare. Ranar da na fara zuwa daga Kano, ta ji ina magana da mamata a waya, sai ta leƙo ta ce, "Ke, 'yar gida ce ashe?" Daga ranar abincina na rana ya koma wuyanta. Ina tsokanarta da Hausar Kumasi, tana tsokanata wai Kanawa ba mu san yaji ba.

Aikina shi ne gano siffar wani furotin. Ana mayar da shi ƙananan kiristal, ƙanana fiye da garin gishiri, sannan a haska su da X-ray mai ƙarfi. Hasken yana ƙona kowanne da zarar ya taɓa shi, don haka sai an yi ta turo dubbai gaban hasken ɗaya bayan ɗaya. Ana kwaɓa su cikin wani abu mai kauri, a matso shi ta siririyar allura kamar man goge baki. Wahalar duka tana wajen abin kwaɓin.

Shekara guda na yi ina fama. Man da ake saya wa lab da tsada yana narkar mini da kiristal, wani kuma ya toshe allura. Ga shi babbar na'urar da muke zuwa a kudancin ƙasar nan sai ka yi watanni kana jira kafin a ba ka 'yan awoyi. Sau biyu muna zuwa muna dawowa hannu rabbana. Farfesanmu ya fara maganar ko in canza aiki.

Wata Litinin Anti ta ajiye mini wata robar ayis kirim a kan tebur. Man kaɗe ne a ciki, daga shagon wata 'yar garinsu a Old Trafford. Na ɗauka na shafawa ta kawo mini saboda sanyi ya farfasa mini hannu.

Ashe makonni ta yi tana gwada kwaɓa kiristal ɗina da shi a lokacin hutunta. Ta narka, ta tace, ta sake tacewa, ta gano ɗumin da ya kamata ya huce ya kai kafin a zuba kiristal. Ta haɗa bakin sirinji biyu tana tura kwaɓin daga wannan zuwa wancan a hankali. Na tambaye ta minti nawa ake yi, ta ce ita ba ta duba agogo, salati goma take yi. Na auna da agogo daga baya don in rubuta, amma har yau da salatin nake yi.

Da aka ji a mitin, dariya aka yi. Wani ma ya tambaya ko za a kawo burodi.

Muka tafi da shi karo na uku. Ya fito daga allura siriri, bai tsinke ba, bai toshe ba, kiristal ɗina lafiya lau. Duk abin da ke cikin digirina daga wannan tafiyar ya fito. Masu maganar burodi su ne suka fara zuwa neman a ɗiba musu.

Da aka zo rubuta takardar da za a buga, sunaye bakwai ne a sama. Akwai wanda ko murfin sirinjin bai taɓa buɗewa ba. Sunan Anti yana can ƙasa, wurin godiya, kusa da wanda ya gyara mana firiza. Na yi magana sau ɗaya. Farfesa ya ce ba a saba sa ma'aikatan lab cikin marubuta ba, kuma ai mai ne kawai. Mai ne kawai! To me ya hana masu manyan digiri su gano shi shekara guda?

Amma ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Na yi shiru. Na tuna jarrabawar kare digirina tana hannunsa, na tuna bizata, na ce to. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Da ciwo ya yi mata nauyi ta ajiye aiki ta koma wajen Samira a Perry Barr. Wata uku da suka wuce na hau jirgin ƙasa na je duba ta. Ta rame sosai, amma sai da ta sa aka dafa mini wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin garinsu, ta zauna tana kallo har na cinye. Jikarta ta shigo tana ba ni labari da Turancin Birmingham cewa ta faɗa wa malamarsu kakarta saintis ce, kuma sunanta zai fito a intanet.

Anti ta dube ni. Na ce ana kan aiki. Ta gane, don ita ba a yi mata ƙarya ta wuce.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Bilki, kar ki ɓata karatunki saboda ni. Finish first, kin ji? Allah ya ga wanda ya yi."

Na ji, Anti. Na bi maganarki wata uku, kuma yau ba zan iya ba.

Ranar Juma'a za a aika takardar, kuma ba ta tafiya sai kowane marubuci ya sa hannu. Sunana ne na farko. Ɗazu na rubuta wa Farfesa, na haɗa da hotunan littafin lab ɗinta, shafi-shafi da rubutun hannunta da ranakun da ta yi kowane gwaji. Na ce idan babu Adiza a sama, babu sa hannuna. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ke ci na shi ne ban yi haka ba tun tana da ido ta gani.

Robar tana nan a firjin lab, da sauran mai kaɗan a ciki, da sunanta a murfi.

Ya Allah ka gafarta wa Adiza, ka yalwata kabarinta, ka karɓi salatin da ta yi ta yi a kan aikinta, ka ba Samira da yaranta haƙuri. Ni kuma ka yafe mini shirun da na yi.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Ku ambaci sunanta idan za ku yi: Adiza.