Yadda Na Goce wa Matata Kafaɗa a Rawar Merenge

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni matashin magidanci ne mai ji da kansa, ɗan gidan 'yan kasuwa da kakanninsa suka zauna a Njamena tun zamanin Turawa. Ni kaɗai ne a gidanmu na bar rumfa na shiga aikin biro, wato aikin ofis, wannan kuwa ya sa kaina ya fi ƙarfin hulata. Yawancin abokan aikina 'yan kudancin ƙasa ne, mutanen da taronsu ba ya tashi sai an taka rawa. Duk bikin da suka gayyace ni sai in nemi kujera a jikin bango in rungumi kwalbar lemo, su kuwa suna tsokanata wai Bahaushe bai iya juya komai ba sai kuɗi. Ina yin dariya a fuska, amma maganar tana cina a rai.

Ba tare da kowa ya sani ba na fara zuwa koyon merenge ranakun Asabar bayan la'asar, wurin wani ɗan Kamaru da ke koyarwa a bayan wani gidan abinci. Rawa ce ta mace da namiji, ana taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗan ɗingishi, ƙugu yana bin sawu. Takun bai ba ni wuya ba, juyi ne ya gagare ni. Malamin ya nuna mana cewa namiji zai ɗaga hannun daman macen zuwa saman goshinta, ya sassauta yatsunsa yadda nata hannun zai iya zagayawa a ciki, ita kuma ta juya da ƙafafunta. Da Faransanci yake magana, yana ta nanata cewa namiji ne jagora. Ni kuwa da na mayar da kalmar cikin harshenmu sai na ji ta da kunnen Bahaushe, wato ja-gora, mai riƙe bakin sanda yana jan makaho. Saboda haka sai in damƙe hannun mace in ja ta in murɗa. Na lura matan ajin suna murza wuyan hannu bayan sun yi rawa da ni, wasu ma suna canja layi in sun ga za su faɗo kaina. Malamin ya ja ni gefe ba sau ɗaya ba, ya ce in daina tuƙa mutane kamar tuwo. Na ɗauki duk wannan a matsayin raini.

Da na ga sun ishe ni, sai na ce bari in koya wa matata a gida, can unguwar Gassi inda muke zaune. Ita mai zanen lalle ce, hannunta ya yi suna har daga unguwar Dembe ake aiko mata amare. Da farko ta rufe fuska tana dariya, ta ce ai wannan sai a ji mu a dangi. Na lallashe ta har ta yarda, bisa sharaɗin kada iyayenta su ji. Muka riƙa kulle ƙofa muna kunna kiɗan a waya. Wallahi ta fi ni jin kiɗa, cikin ɗan lokaci takunta ya zauna. Amma duk sanda na juya ta sai ta ce in yi a hankali, kafaɗarta tana yi mata zafi. Amsata kullum ɗaya ce, cewa ita ce ba ta iya bi ba, ta saki jiki kawai ni na san hanya.

Ana nan sai wani abokin aikina ya yi aure a unguwar Butalbagar, aka yi walima da yamma a wani babban tsakar gida. Na matsa mata ta raka ni, ta sa laffayarta mai ruwan zuma. Da aka saki merenge na miƙe na kama hannunta, abokan aikina suka ɗau shewa. Juyin farko ya tafi lafiya, shewar ta ƙaru, ni kuma kaina ya ƙara kumbura. Sai na so in yi mata juyi biyu a jere, abin da na gani a waya amma ban taɓa gwadawa da ita ba. Tana tsakiyar na farko, laffayarta ta zame ta kai ɗaya hannun za ta gyara, ni kuwa na damƙe na dama na fizga ta baya. Na ji ƙarar gocewar ƙashin a cikin tafina kafin ta yi ihu. Ta durƙushe, hannun yana reto. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban sunkuya na duba ta ba. Na waiga wajen jama'a, na ce da Larabci yadda kowa zai ji, wai 'yar gida ce ba ta san rawa ba, na gaya mata ta bi ta ƙi. Wata mata da ban sani ba ce ta ture ni ta tallafe ta.

A asibiti aka ce ƙashin kafaɗar ya goce, jijiya kuma ta taɓu. Da Baba, mahaifinta, ya zo ya tambaye ni abin da ya faru, na sunkuyar da kai na ce santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo. Ya juya ya tambaye ta ko haka ne. Ta dube ni, ta dubi bango, ta ce haka ne. Ya yi mini godiya a kan ɗawainiyar da nake yi da 'yarsa, har da sa mini albarka, ni kuma na amsa da amin.

An mayar da ƙashin, ciwo ya warke, amma hannun bai dawo yadda yake ba. In ta daɗe tana zane sai ya kama rawa, layi ya karkace. Amarya ɗaya ta koka, ta biyu ta koka, daga nan aka daina aikowa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi zafi. Na roƙi gafararta ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe ɗin, amma yafiya ba ta ɗinke jijiya.

Ba rawa nake zargi ba, ni ne mai laifi. Ina jan kunnen duk namijin da mace ta miƙa wa hannunta, a filin rawa ne ko a zaman gida, ya sani amana aka ba shi. Nuna hanya ake yi, a bar ta ta taka da ƙafarta, in kuma ta ce akwai zafi to a tsaya. Wanda ya yi ɓarna kuma ya faɗi gaskiya tun da zafinta, don ƙarya in ta kwana sai ta yi saiwa. A Sallar da ta wuce 'yarmu ta zauna uwarta tana yi mata lalle, ta tambaye ta me ya sa hannunta yake karkarwa. Uwar ta ce santsi ne ya taɓa kayar da ita a bakin famfo. Ina zaune a wurin ina ji, na ci gaba da shan shayina.