Sirdin da na sa aka yi wa walda

Jama'a, yau kekena ya tona min asiri!

Da safe na hau zan je gona. Na zo tsayawa, ƙafata ta kasa kai ƙasa. Sai ga ni tim a kunyar gyaɗa! Ashe tsufa ya rage min tsawo.

Na tura shi wajen Sale mai gyaran keke. Ya ce, "Baba, sai an sauke sirdin nan, ya yi maka sama." Ya kwance noti, ya murɗa. Ko motsi! Ya leƙa, ya ce, "Wa ya yi wa wannan walda?"

Ni ne. Ƙanena Habu gajere ne, ya dame ni da aro, sai na ɗaga sirdin na sa aka liƙe. Na ce masa haka ya zo daga kamfani. Shekara da shekaru yana ɗaukar taki a ka, kafin ya sayi nasa keken.

Ina waiwayawa, wallahi ga Habu a benci, an gama yi wa tayar kekensa faci!

Ya ce, "Yaya, ashe ba kamfani ba ne?"

Sale ya ce sai dai zarto, kuma tsatsa ta ci ƙarfen, zai iya karyewa.

Habu ya turo min nasa. Na ce, "Ka yafe min." Ya ce, "Karɓi, Yaya, rana na yi." Bai ce ya yafe ba.

Ga kekensa nan a zaure. Na kasa hawa, na kasa mayarwa.